Ƙunshin Shiga Jami'a

Ni Saude, matar marigayi Alhaji Manniru mai albasa, ga abin da na rasa: shekara guda cur ta karatun 'yata Zulaihat, da fatar yatsunta, da cinikin yini guda a Kasuwar Shasha a lokacin da albasa ke tsada. Abin da na samu kuwa shi ne shiru. Kada ka raina wannan riba, don tun da aka kawo ni gidan nan na Sabo ina amarya, kunnena bai taɓa hutawa da bakin ƙanen mijina Ɗalhatu ba.

Ɗalhatu dillalin raguna ne idan Babbar Sallah ta matso, sauran watanni kuma dillalin surutu. A gida Alhaji Na-San-Shi muke ce masa. Ka ambaci kowa a duniya, kafin ka rufe baki ya cafe, "Wa? Ai na san shi!" Gwamna, na san shi. Alƙali, na san shi. Wata rana ana hirar wani ɗan ƙwallo na ƙasar Turawa, ya ce ai tare suka yi ɗawafi, alhali bawan Allahn ko Musulmi ba ne.

To da Zulaihat ta gama sakandare ta yi rajistar JAMB, jarrabawar nan ta shiga jami'a, sai ga shi ya faɗo mana tsakar gida yana karkaɗa carbi kamar makullin mota.

"Matar Yaya, ki fara ɗinka mata kayan tafiya. Yarinyar nan ta riga ta shiga. Jami'ar garin nan kaf a aljihun rigata take, tun daga mai gadin ƙofa har mai kujerar da ke juyawa."

Na ce, "Wane aljihun? Wanda ko goro bai iya kwana a ciki?"

"Ke dai yi ta wasan ƙanen miji. Ranar da ta zama likitar magani kya zo kina gurfanawa."

Ni ban yi boko ba. Ajin yaƙi da jahilci na leƙa har na iya rubuta abin da ke bakina. Amma a Shasha kowa ya san ban taɓa sayen buhu ban zura hannu har gindinsa ba. Sai dai ita jami'a ba buhu ba ce, ban san ta inda ake zura mata hannu ba. Ga matan Yarbawa da muke jere da su a rumfa, kullum wannan ɗanta ya samu gurbi, waccan 'yarta ta sa rigar digiri, ni kuwa sai dai in taya su rawa. Marigayi ma maganarsa ke nan har ya kwanta ciwo, Zulaihat ta karanta haɗa magunguna. Kuma a gidan da uba ya rasu ƙanensa ne uba, ko da kansa fanko ne.

Yarinyar dai ta yi nata. Daga rumfa sai littafi, daga littafi sai rumfa, har idanunta suka faɗa. Ita ta kai kanta rajista, ta dawo tana ba ni labari cewa an ɗauki zanen yatsunta a wani ɗan inji, wai ranar jarrabawa sai injin ya gane yatsan kafin a bar mutum ya shiga, don kada wani ya zauna wa wani.

Ana gobe jarrabawa da hantsi, sai ga Na-San-Shi da wani ƙulli a leda, ya riƙo shi da hannu biyu kamar jinjiri.

"Zulaihat, zo nan. Da me ake rubuta jarrabawar nan?"

"Da kwamfuta, Baffa. Latsawa ake yi."

"Da me ake latsawa?"

"Da yatsa."

"Madalla! Kun ji inda 'yan boko suka yi barci. Kowa kai yake ɗurawa karatu, an bar yatsa da yunwa. Kai ne zai latsa? Da goshi za ki buga kwamfutar?" Ya kwance ƙullin. "Lalle ne, tofaffe, daga hannun wani babban malami a Ilori. Na san shi. Yatsan da ya sha wannan, ko ido rufe ya faɗa, a kan amsa zai faɗa."

Zulaihat ta ja da baya. "Baffa, an hana. A wurin rajista sun faɗa, a rediyo ma sun faɗa, kada a sa lalle, injin ba ya ganin zanen yatsa."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wanda ya kafa dokar ai na san shi. Don 'ya'yan da ba su da baffa aka yi ta. Yanzu ke da hankalinki, ƙarfen da Bature ya ƙera ne zai fi ƙarfin tofi?"

Yarinyar ta dube ni. Ni kuwa na duba, na ga a wurinmu 'ya mace ba ta fita babbar rana da farin hannu kamar mai takaba. Sallah da ƙunshi, suna da ƙunshi, saukar Alƙur'ani da ƙunshi. Sai ranar da ta fi kowace girma a rayuwarta za ta fita hannu fari fat? Na ce ta yi abin da Baffanta ya ce.

Aka kira Mardiya mai lalle. Ita ma da ta ji zancen sai ta ce a tsaya a farce da bayan hannu, ya isa ado.

Ɗalhatu yana bakin ƙofa a kan kujera kamar injiniya mai duba gini. "Da bayan hannu ake latsawa? Cikin yatsa nake so, ki lafta masa. Ƙara. Wannan babban yatsan bai ƙoshi ba."

Aka lafta, aka ɗaure da leda. Da aka kwance ya ce ja bai isa ba, a bi da sajen, garin nan da ke mai da jan lalle baƙi, wai don tofin ya zauna daram. Kafin la'asar yatsun 'yata goma sun koma kamar gindin tukunyar mai ƙosai.

Da safe muka tari keke mai ƙafa uku. Ɗalhatu ya sha babbar riga ta shadda, sitaci ya ƙame ta har tana kuka, shi kaɗai ya cinye kujerar baya, ni da yarinya muka maƙale a gefe kamar kayan dako. Duk hanya yana koya wa mai keke gari, mutumin da aka haifa a nan unguwar Mokola.

A wurin jarrabawar iyaye a bayan shingen waya suke tsayawa, yara su bi layi zuwa wani teburi a ƙarƙashin rumfa, inda wata mata Bayarabiya mai tabarau ke zaune da injin. Kowa ya dangwala, fitila ta yi kore, ya wuce. Zulaihat ta dangwala, fitila ta yi ja. Ta sake, ja. Matar ta goge injin, ta goge yatsan, aka gwada manuni, aka gwada na tsakiya, aka bi su ɗaya bayan ɗaya har ɗan ƙaramin, injin nan ya ce shi bai taɓa ganin yarinyar nan ba.

Matar ta juya hannun, ta dube shi, ta girgiza kai. Ta yi mata mutunci kuwa, don ina ji daga bayan waya. Ta ce ta koma gefe wurin wasu yara da su ma yatsunsu suka ƙi, babban jami'i zai fito ya ɗauki sunayensu, mai yiwuwa a kira su wata rana.

Da a nan aka tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ka. Amma ina! Ban san ta inda Na-San-Shi ya kutsa ba, sai ganin shaddarsa na yi a gaban teburi ta rufe layin gaba ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa babban yatsansa mai kama da guntun rogo.

"Ejo, don Allah, Madam, gwada nawa."

Matar ta sauke tabarau.

"Jini ɗaya ne. Ubanta yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yatsan gidanmu duk zubi ɗaya ne. In dangwala, ita ta shiga."

Yaran da ke layi suka fashe da dariya, har da waɗanda tsoro ya hana su karin kumallo. Matar ta tambaye shi ko ya san wannan shi ne ainihin abin da aka kawo injin ya hana. Ya ce wanda ya kawo injin ma ya san shi. Masu tsaro biyu suka kamo shi ta hammata, suka fito da shi ƙafafunsa na share ƙasa. Sai dai kafin su kai shi ƙofa ya riga ya damƙo hannun Zulaihat ya fizgo ta daga cikin masu jira.

"Baffa, an ce mu tsaya a nan!"

"'Yar Alhaji Manniru ba ta tsayuwar jiran alfarma. Wanki ne kawai, yanzu za mu dawo ki shiga ta ƙofar gaba."

Ya kai mu bayan bukar wata mai amala. Aka fara da lemon tsami, lalle ya ƙara sheƙi. Aka sa garin sabulu da toka, ko gezau. Ya tsayar da ɗan okada ya tsotso fetur daga tankin babur ɗinsa da tiyo, rabi a gwangwani rabi a cikinsa, ya yi ta kakari yana tofarwa a kan shadda. Fetur bai yi ba ya sayo bilic. Bilic bai yi ba ya ari soson ƙarfe da mai amala ke kankare tukunya da shi.

"Baffa, zafi!"

"Daure, digiri ne ke fitowa."

Abin da ya fito dai jini ne. Fatar yatsun ta saɓule, baƙin kuwa yana nan daram kamar yadda ya yi oda. Da na ga haka na make hannunsa, na ce idan ya sake taɓa ta sai na kankare masa fuska da soson nan. Muka koma da gudu. An rufe ƙofa. Yaran da aka ce su jira an shiga da su, an ɗauki sunayensu, an sallame su ta baya. Zulaihat ta dafa wayar ƙarfen da yatsu masu jini ta fashe da kuka, irin kukan da rabona da jinsa tun ranar da aka fita da gawar ubanta.

Kana tsammanin kunya za ta kama shi? Ɗalhatu da kunya ko a hanya ba su taɓa gamuwa ba. Ya zaro waya, ya ɗaga ta sama don iyayen da ke wurin su gani.

"Yanzu za ku ga aiki. Farfesa zan kira. Kalma ɗaya zai yi, ƙofar nan da kanta za ta buɗe ta ba mu haƙuri."

Ya sa ta a lasifika. Mutane suka matso, har mai amala ta bar tukunyarta. Ni Turanci ya fi ƙarfina, amma Yarbancin kasuwa na sha shi, kuma da shi aka amsa.

"Wa ke magana?"

"Ranka ya daɗe, Alhaji Ɗalhatu ne!"

"Wane Ɗalhatu?"

Ya yi mana murmushi, wai wasa ne irin na manya. "Naka na Sabo, Oga. Mai raguna."

Sai muryar ta tashi kamar an taka wutsiyar kare.

"Kai ne ka sayar min da ragon da ya mutu ana jajibirin Sallah? Wanda ka ce tarin da yake yi na ƙoshi ne? Shekara da shekaru ina neman lambarka! Kana ina yanzu?"

Wata Iya mai ƙaton ɗankwali, Allah ya saka mata, ta sunkuya kan wayar ta faɗa masa sunan wurin, har da kwatancen bukar amala.

"Ku riƙe min shi, ga ni nan!"

Na-San-Shi ya yi ta danna waya yana neman kashewa, sai ƙara mata murya yake yi. Ƙarshe ya cusa ta a aljihu Farfesa na ci gaba da zaginsa daga ciki, ya tattare shadda ya haye bayan okada. Hularsa ta faɗi bai waiwayo ba. Ya bar matar yayansa da marainiya a tsakiyar titi, ana nuna mu da baki.

A gida yarinyar ta daina cin abinci. Yatsu a naɗe da man kaɗanya, ko cokali ba ta iya riƙewa. Ƙawayenta suka fara aiko mata da sakamakonsu a waya. Sau ɗaya ta ɗago ta ce, "Umma, ai na faɗa." Na ce ta yi min shiru, ba ni na kawo lallen ba.

Shi kuwa gogan ya ɓace na ɗan lokaci, sai na fara jin labarinsa a bakin masu shayi. Wai injin ne jabu. Wai maƙiya ne suka karya tofin. Wai baɗi zai shigar da ita ba ma sai ta yi jarrabawa ba. Wannan "baɗi" ɗin ce ta tayar da ni. Na yafa mayafi na kai ƙara wurin Baba Ɗanbala, babban danginsu, wanda ko a Shasha idan ya ɗaga sanda ciniki tsayawa yake.

Aka zauna a zauren Baba bayan azahar, dattawa a tabarma, Ɗalhatu a rakuɓe da sabuwar hula. Baba ya fara da tambayarsa sunan malamin Ilori.

"To, Baba, shi malamin dai bai samu sukuni ba."

"Wa ya yi tofin?"

"Ni na yi, amma da niyyarsa."

Wani dattijo ya ƙware da goro, sai da aka bubbuga masa baya. Baba ya ce rajistar baɗi da kuɗin ƙarin darasi duk a wuyan Ɗalhatu suke, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Sannan ya juyo gare ni.

"Saude, ke aka ɓata wa. Me zai sanyaya miki rai?"

Na gyara zama irin na rumfa. "Abu biyu, Baba. Na farko, ya zauna min a rumfa a madadin Zulaihat, ya auna albasa, ya ɗaga buhu, ita ta koma kan littafinta har jarrabawa ta zagayo."

"Wannan daidai ne. Na biyu fa?"

"A yi masa ƙunshi. Hannu da ƙafa, har gwiwa."

Ɗalhatu ya miƙe zumbur. "Ni? Alhaji guda? Baba, ka ji matar nan!"

"Zauna. Saude, namiji da ƙunshi?"

"Ango ma ana sa masa, Baba, kuma ba a taɓa cewa ya zama mace ba. Shi ya ce lalle sa'a ne. Ina so cinikina ya yi albarka."

Baba ya shafa gemu, na ga gefen bakinsa na motsi. "To, ta sa kuɗin kayanta. Ɗalhatu, taya."

"Matar Yaya, don girman zumunci, in ba ki rago."

"Irin na Farfesa? Albarka."

"To a sa min a gemu. Manyan malamai ma suna yi."

"Don ka fita kana cewa ka zama shehi? Albarka."

"Ƙafa ɗaya."

"Ka sa safa? Yaushe aka haife ni? Na ma janye ƙafar gaba ɗaya, ba na sayen abin da ba a gani."

"Ɗan ƙaramin yatsa na hagu. Wallahi iyakata ke nan, ko uwata ce."

Na tashi na karkaɗe mayafi na nufi ƙofa, yadda nake yi wa direbobin da ke kawo kaya daga Arewa. Na ce tunda abin ya zama raini, ai lambar Farfesa na nan a wayarsa, kuma hanyar jami'a ba ta ɓuya, zan je in kwatanta masa gidan.

"Dawo! Matar Yaya, dawo, ai ba a gama ba! Hagu duka."

"Hagun da za ka ɓoye a aljihu ka gaisa da dama?"

Gumi ya jiƙa sabuwar hular. Ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya duba sai ya ga ya shagala da carbinsa. A duk zauren nan babu wanda ya san shi.

Baba ya ce, "Saude, a yi ragi don marigayi. Faɗi na ƙarshe."

Na yi ragi don marigayi, don ni ba azzaluma ba ce. Na bar masa ƙafafunsa, na bar masa hagunsa, na sauko daga gwiwa. Hannun dama, ciki da baya har wuyan hannu, a bi da sajen, Mardiya ta sabunta duk sadda ya fara koɗewa, da shi zai auna albasa da shi zai gaisa da jama'a, har ranar da fitilar injin nan ta yi wa Zulaihat kore. A haka na sallama, kuma tun daga ranar bakin Na-San-Shi ya mutu, kunnena ya huta. Furen da aka zana masa a bayan hannu kuwa gyara ce, kyauta na ba shi.